Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Jami'armu Kan Manhajar Rubutu da Aka Ɗora wa Ɗalibai

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'a,



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawar da ta dace da kujerarka, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kuma dafa maka a kan wannan nauyi da aka ɗora maka. Ina miƙa gaisuwa ga mataimakanka, da magatakarda, da ma'aji, da dukan shehunan malamai da ke zama tare da kai a majalisar jami'a.

Ni malami ne a ƙarƙashinka, cikin waɗanda ake raba wa ɗaliban ajin ƙarshe domin duba kundinsu na kammala digiri. Ban so a ce sai a shafin jarida za ka ji wannan magana daga bakina ba. Na faɗe ta a taron sashe, aka ce a kai ta tsangaya. A tsangaya aka ce ta cibiyar kwamfuta ce. Ma'aikatan cibiyar suka saurare ni cikin mutunci, wasunsu ma suka ce sun fi ni jin ciwon abin, amma yarjejeniya da kamfani da ƙa'idar rubuta kundi ba a hannunsu suke ba. Na rubuta takarda ta hannun shugaban sashe kamar yadda tsarin aiki ya tanada, har yau ba amsa. Zangon karatu yana tafiya, yara suna ta faɗawa cikin wahalar da sa hannunka kaɗai zai iya ɗauke musu. Shi ya sa na fito fili, ina kuma neman afuwa idan fitowar ta yi maka nauyi.

Abin da ya tayar da maganar sanarwa biyu ce daga hukumar jami'a, waɗanda in an karanta kowacce ita kaɗai ba za a ga aibinta ba. Ta farko albishir ce: duk ɗalibin da ke da adireshin imel na jami'a zai yi amfani da manhajojin Microsoft kyauta ta intanet, wanda kuma yake son irin wadda ake ɗora wa kwamfuta zai same ta da rangwame. Ta biyu tana cikin littafin ƙa'idar kundi: a buga aiki da Microsoft Word, a kuma miƙa shi a fayil ɗin Word. In aka haɗa su, jami'a ta zaɓar wa kowane ɗalibi kamfani ɗaya, ta mayar da kayansa sharaɗin kammala digiri, sannan ta bar yaro da iyayensa da biyan kuɗin. Ba ni da gaba da Microsoft. Kayansu na da kyau, ni ma na yi aiki da su shekara da shekaru. Tilascin nake kuka da shi, da kuma shirun da aka yi game da cewa akwai wata hanya ta halal wadda ba a biyan ko kwabo.

Kukana na farko, ranka ya daɗe, shi ne yawancin ɗalibai ba su san abin da ake ba su da sunan rangwame ba. Suna zaton saye suka yi, alhali haya ce. Tun daga 2013 Microsoft ta karkata kasuwancinta zuwa biyan wata-wata ko shekara-shekara, a tsarin da aka fara sani da Office 365, yanzu kuma Microsoft 365. Manhajar da ke kan wannan tsari tana bukatar leƙa intanet aƙalla sau ɗaya a kusan kowane kwana 30 domin ta tabbatar lasisi na nan da rai. In lasisi ya ƙare, Word yakan bar mutum ya buɗe takardarsa ya karanta ko ya buga ta a firinta, amma ba zai gyara ko harafi ɗaya ba, ba zai kuma buɗe sabon shafi ba. Lasisin ɗalibi kuwa a ɗaure yake da zamansa ɗalibi. Ranar da aka rufe masa imel ɗin jami'a, ranar ce manhajar ke kulle masa hannu, abin da ya tara a rumbun OneDrive kuma a goge shi bayan ɗan wa'adi in bai kwashe ba. Ka duba lokacin da wannan ke faruwa. Yaro ya gama, zai tafi hidimar ƙasa, zai rubuta takardun neman aiki, zai gyara kundinsa ya nemi gurbin digiri na biyu, ko ya buɗe ɗan shago yana bukatar lissafin shiga da fita. A daidai lokacin da bukatarsa ta fi tsanani, aljihunsa kuma ya fi bushewa, a nan ake cewa ya biya cikakken farashi. Hausawa sun riga sun faɗa: kayan aro ba ya rufe katara.

Kamfanin bai ɓoye wannan ba, kuma ba haramun ya aikata ba. Ɗan kasuwa ne da ya san wanda ya saba da kayansa shekara huɗu ko biyar zai yi wuya ya bar su. Abin tambaya shi ne me ya sa jami'a, wadda amanar yaran ke wuyanta, za ta zama ita ce mai kai masa su, ba tare da ta gaya musu inda hanyar ta ɓulle ba.

Na biyu, sharuɗɗan wannan alheri a hannun mai kayan suke, yana kuma sauya su duk lokacin da ya ga dama. Wannan ya riga ya faru, ba hasashe nake yi ba. A 2023 Microsoft ta sanar da cewa daga Agustan 2024 za ta janye tsarin da ake kira Office 365 A1 Plus, wanda da shi ne makarantu da yawa a duniya ke ba ɗalibai da malamai Word da Excel na kan kwamfuta ba tare da ƙarin kuɗi ba. A sanarwar dai ta rage wa masu lasisin kyauta wurin ajiya zuwa gigabait 100. Google ma haka ta yi: bayan shekaru tana ba makarantu wurin ajiya mara iyaka, ta janye shi a 2022, ta ce kowace makaranta ta yi maneji da terabait 100 a tsakanin dukan mutanenta. A Janairun 2025 Microsoft ta ɗaga kuɗin shekara na mutum ɗaya a Amurka daga dala 69.99 zuwa 99.99, saboda ta cusa masa Copilot, manhajarta ta ƙirƙirarriyar basira. Babu jami'ar da aka nemi izininta kafin a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A wurinmu kuma akwai ƙarin ciwo, wato naira. Kafin gwamnati ta sakar wa kasuwa farashinta a Yunin 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. A ce lasisi dala 50 ne: abin da ake saya naira 23,000 ya koma 75,000, alhali mai kayan bai ƙara ko sisi ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ɗalibin da ya samu bashin karatu na NELFUND naira 20,000 ake ba shi a wata domin ci da sha da mota da kwafin takardu. Duk rangwamen da tushensa dala ce, wannan yaro ba zai iya dogara da shi ba, jami'ar da ke kokawa da kuɗin wuta da na dizal ita ma haka.

Za a ce ai akwai na kyauta ta intanet. Gaskiya ne, akwai. Amma shi wannan sai da data yake aiki, sai kuma sabis ya tsaya da ƙafarsa. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. Ranka ya daɗe, ka san inda yaranmu ke rubuta kundi. A ɗakin kwana ne da wuta ke zuwa tsakar dare, ko a gida lokacin hutu a ƙauyen da sai an fita bakin titi ake samun sabis. Wanda ya ɗebo cajin awa biyu a kwamfutarsa yana bukatar manhajar da zai buɗe ya hau rubutu nan take, ko da data ko babu.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon ka tsaya a kansa. Tunda an wajabta Word, na halal ya fi ƙarfin aljihu, na intanet kuma ba ya biyan bukata, me kake zaton yaran ke yi? Suna kai kwamfutocinsu, waɗanda galibi na hannu ne, shagunan da ke bakin ƙofa, a ɗora musu kwafin sata a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mai shagon zai fara da kashe manhajar da ke tsare kwamfuta daga bairos, domin in tana kunne ba za ta bar abin fasa lasisin ya shiga ba. Yawanci ba a sake kunna ta. Daga nan filashin yaro ya bi ta shagon buga takardu, ya bi ta kwamfutar abokinsa, ya iso teburin malami. Na ga ɗalibar da babi uku na aikinta suka koma wasu alamomi da ba sa buɗuwa ana saura 'yan kwanaki ta kare kundinta. Na ga wanda jan rubutu ya fito masa a saman shafi cewa lasisinsa ba na gaske ba ne, manhajar ta ƙi karɓar gyara a daren da zai miƙa aiki. Ba sakaci ne ya jawo musu ba. Ƙa'idarmu suka bi ta hanyar da suka iya.

Kuma abin bai tsaya kan ɗalibai ba. In ka aika a duba kwamfutocin ɗakunan gwajinmu da na ofisoshin sassa, ina da yaƙinin za ka ga abin da ba zai yi maka daɗi ba. Haka SPSS da muke tura kowane ɗalibin kimiyyar zamantakewa da na ilimi ya yi lissafin bincikensa da ita. Manhajar IBM ce mai tsada, kuma kowa a cikinmu ya san ta inda yaran ke samun ta.

Mu ne muke tsayawa a gaban aji muna gargaɗi kan satar rubutun wani. Muna da kwamiti a kan haka, muna soke kundi, muna korar ɗalibi. Amma kundin da muke tantancewa da manhajar sata aka buga shi, da saninmu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta haɗa da manhajar kwamfuta cikin abubuwan da take karewa. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar OIC, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa haƙƙi ne da shari'a ke kiyayewa, ba ya halatta a keta shi. Yaron da ya shekara huɗu yana ganin malamansa sun ɗauki wannan ba komai ba ya koyi wani darasi da ba ya cikin manhajar karatu, zai kuma tafi da shi duk ofishin da ya samu kansa. Satifiket ɗinmu yana cewa mun gamsu da halinsa da iliminsa. Halin ne aka fara ambata.

Da babu mafita da ban ɗaga murya ba. Akwai ta, kuma ta daɗe. LibreOffice tana da Writer na rubutu, da Calc na lissafi a jadawali, da Impress na gabatar da bayani a allo, da wasu. Asalinta StarOffice ce ta wani kamfanin Jamus, wadda Sun Microsystems ya saya a 1999 ya buɗe wa duniya asirin ƙirarta a 2000 da sunan OpenOffice.org. Da Oracle ya saye Sun a 2010, masu aikin suka kafa gidauniyar The Document Foundation, wadda ke da rajista a Berlin, suka ci gaba da ita da sabon suna. Lasisinta ya halatta wa kowa ya sauke ta, ya kwafa, ya raba, ya gyara. Mutum ɗaya zai sauke ta sau ɗaya, megabait ɗari uku da 'yan kai, ya zuba a filashi ya ɗora wa dukan ajinsu, babu wanda ya ci haƙƙin wani. Ba ta tambayar imel, ba ta neman intanet kafin ta buɗe, ba ta kuma san ranar da yaro ya bar jami'a ba. Tana buɗe fayilolin Word da Excel da PowerPoint, tana ajiye aiki a sigarsu, tana mayar da shi PDF kai tsaye. Akwai OnlyOffice, wadda fuskarta ta fi kama da ta Word, akwai Collabora Office ga masu rubutu a waya. Wajen lissafin bincike akwai jamovi da JASP da PSPP da R. Wajen tsara manazarta akwai Zotero, wadda ke aiki da Word da Writer duka. Ban ga sunan ko ɗaya daga cikinsu a wata takardar jami'ar nan ba.

Kada a ce kayan marasa galihu ne. Jandarmomin Faransa sun bar Microsoft Office tun 2005. Ma'aikatar tsaron Italiya ta fara mayar da kwamfutocinta sama da 100,000 kan LibreOffice a 2015. A 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar yin haka da kwamfutoci kusan 30,000, ta kuma ce babban dalilinta shi ne kada bayanan jama'arta da aikin gwamnatinta su rataya a hannun kamfani ɗaya na wata ƙasa. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne jihar Kerala ta kudancin Indiya, inda makarantun gwamnati suka shafe shekaru suna koyar da yara kwamfuta da manhajojin da ba a biya, a ƙarƙashin hukumar da yanzu ake kira KITE. Waɗannan mutane da yawansu sun fi mu kuɗi nesa ba kusa ba.

Ba zan ɓoye maka labarin birnin Munik na Jamus ba, domin na san za a kawo maka shi. Sun yanke shawarar barin kayan Microsoft a 2003, suka sauya kwamfutoci kusan 15,000, sai a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa. Akwai siyasa a ciki, akwai kuma koke na gaske daga ma'aikata kan musayar takardu da sauran hukumomi. Abin da na ɗauka daga labarinsu shi ne sauyin da aka yi wa mutane dole, ba tare da isasshen horo ba, yakan gamu da turjiya. Saboda haka ba na neman ka hana kowa Word. Wanda ya saya da kuɗinsa ya ci gaba da abinsa.

Akwai hujjoji biyu da abokan aikina ke kawowa, kuma suna da nauyi. Ta farko, takarda takan ɗan gurɗe in ta tashi daga Writer zuwa Word: shafi ya motsa, jadawali ya zame. Yana faruwa, musamman a aiki mai tarin zane da akwatuna. Amma yawancin abin daga haruffa yake, kuma an yi masa magani. Liberation Serif an ƙera shi ne daidai faɗin Times New Roman, Carlito kuma daidai Calibri, domin kada layi ya motsa. Kundin da aka gama kuwa ba shi da dalilin yawo a fayil ɗin da kowa zai iya taɓawa. In aka miƙa shi a PDF, yadda ɗalibi ya gan shi haka mai jarrabawa na waje zai gan shi.

Ta biyu, wai masu ɗaukar aiki Excel suke tambaya. Wannan ma gaskiya ne, kuma ga ɗaliban akanta da harkar banki da makamantansu akwai abubuwan da Excel ke yi waɗanda Calc bai kai ba, musamman inda aka rubuta wa jadawali umarnin aiki da kansa. Irin waɗannan sassa a saya musu lasisi na gaskiya a ɗakin gwajinsu, da kuɗin jami'a, a koyar da su a can. Wannan ya fi sauƙi da mutunci a kan a ce kowane ɗalibin tarihi da na Larabci da na aikin gona ya nemo wa kansa. Ga sauran kuwa, mu tambayi kanmu me muke koyarwa a darasin kwamfuta na ajin farko. In inda maɓalli yake muke koyarwa, Microsoft da kanta ta birkita wuraren maɓallanta gaba ɗaya a 2007, waɗanda suka haddace suka koma 'yan koyo. Abin da ke zama shi ne sanin aikin: yadda ake tsara kanun babi har jerin abubuwan da ke ciki ya fito da kansa, yadda ake sa lambar shafi da ƙarin bayani a ƙasan shafi, yadda ake bin sawun gyaran malami, yadda ake rubuta ƙa'idar tarawa ko ta nemo matsakaici a jadawali. Waɗannan kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Yawancin ɗaliban da ke zuwa wurina, duk da Word ɗin da ke hannunsu, da hannu suke jera shafin abubuwan da ke ciki, suna danna ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka koya wa aikin a manhaja biyu ba zai tsorata da ta uku ba. Kuma ikon gyara wannan yana hannunka: tsarin manhajar karatu na CCMAS da hukumar NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na abin da za ta koyar.

Saura magana ɗaya da ta shafi gobe. Kundayen da muke tarawa dukiyar jami'a ce, ya kamata jikokinmu su iya buɗe su. Manyanmu sun tuna zamanin da kwamfuta ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, har Farfesa Abdalla Uba Adamu ya zauna ya ƙera haruffan Hausa masu lanƙwasa, aikin da ya fitar da marubuta da masu ɗab'i kunya a lokacinsa. Amma duk wanda ya buɗe fayil ɗin wancan zamani a kwamfutar da ba ta da haruffan ya ga yadda ƙ ke rikiɗa ta zama wata alama daban. Abin da ya kawo ƙarshen matsalar shi ne Unicode, ƙa'idar da duniya ta yi tarayya a kanta, ba mallakin kowa ba. Haka batun fayil yake. Sigar ODF, wadda LibreOffice ke ajiya da ita, ta zama ƙa'idar hukumar ISO a 2006, gwamnatin Birtaniya ta ɗauke ta domin musayar takardunta a 2014, Word ma yana buɗe ta. Akwai kuma PDF/A da aka yi musamman domin adana takardu na dogon zamani. Sannan manhajar da asirinta ke buɗe fili ce ta aiki ga yaranmu. LibreOffice tana duba kuskuren rubutu da Hunspell, wanda kowa zai iya gina masa ƙamus. Sashen harsunan Najeriya da na kimiyyar kwamfuta za su iya haɗa kai su gina na Hausa mai inganci, su fassara fuskar manhajar, a matsayin aikin kundi. Wannan aiki ne da mai rubutu a Kano da Damagaram da zangon Kumasi zai amfana da shi, da sunan jami'arka a jiki.

Ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo, kuma yawancinsa ba ya bukatar kasafi.

Ina roƙon ka umarci a gyara littafin ƙa'idar kundi, a cire sunan kamfani daga cikinsa. A faɗi girman harafi da tazarar layi da faɗin gefe, a karɓi aikin da ake kan dubawa a sigar docx ko odt, wanda aka gama kuma a PDF. Wannan gyaran layi biyu ne, shi kaɗai zai sauke wa dubban yara nauyi.

Ina roƙon a ɗora LibreOffice a kowace kwamfutar jami'a, a ajiye ta tare da jamovi da Zotero a na'urar cibiyar kwamfuta inda ɗalibi zai kwafa ba tare da ya ƙona datarsa ba, a kuma gabatar da su ga sababbin ɗalibai a makon karɓarsu. A yi wa malamai da sakatarori bita kafin a nemi komai daga gare su, a kuma jawo masu shagunan buga takardu na cikin harabar jami'a, domin a hannunsu rabin kundayenmu ke wucewa.

Ina roƙon a bi kwamfutocin ofisoshi da ɗakunan gwaji ɗaya bayan ɗaya, ba don a kama kowa da laifi ba. Inda aka ga manhaja mara lasisi, a saya in bukatar ta gaske ce, in ba haka ba a maye gurbinta. Lokacin ya dace, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 da Office 2016 da Office 2019 tun 14 ga Oktoba 2025, waɗanda su ne a kan yawancin na'urorinmu.

Game da rangwamen, ban ce a mayar da shi ba. Ina roƙon duk sanarwar da za a sake fitarwa a kansa ta faɗi gaskiya da baƙaƙe manya: yaushe lasisin ke ƙarewa, nawa ne farashi bayan nan, kwana nawa yaro ke da shi ya kwashe ajiyarsa. A kuma kawo yarjejeniyar gaban majalisar jami'a a karanta, har da abin da ta ce game da sunaye da bayanan ɗalibai da ake miƙawa, tunda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora mana alhakinsu.

A ƙarshe ina roƙon ka ba ni da abokan aikina masu irin wannan ra'ayi dama mu zo gabanka, ko gaban kwamitin da ka ga ya dace, da kwamfuta ɗaya da kundi ɗaya, mu nuna abin da muke faɗa a aikace. In an ga gazawa a faɗa mana a wurin. Muna roƙon a yi wannan kafin a buga littafin ƙa'ida na zango mai zuwa, kuma kafin a sabunta wata yarjejeniya. Yaran da za su fara kundinsu bana suna jiran abin da za ka ce.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Wani malami a jami'arka.